Gilashi Mai Leda a Tsakiya: Inda Ya Kamata a Sa Shi, Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Kafa Shi

Duk wanda ya saba shiga motar haya ya taɓa ganin gilashin gaba da tsaga ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, direba yana ta lodi da shi wata da watanni, ko ɓarɓashi bai faɗo ba. Gilashin ƙofar wannan motar kuwa, dutse guda ya isa ya zubar da shi gaba ɗaya a kan kujera, gutsi-gutsi. Na tagogin gidajenmu shi ne mafi muni: idan ƙwallon yara ta same shi, dogayen ɓantarori masu tsini yake saki, irin waɗanda ke yanke jijiya. Gilashi iri uku ke nan, kowanne da salon fashewarsa. Na farkon shi ne mai leda a tsakiya, wanda masu sana'ar ke kira laminetad. Na biyu gasasshe ne, wato tamfad, wanda ake gasawa a masana'anta don ya ƙara ƙarfi. Na uku gilashi ne zalla, wanda ba a yi masa komai ba bayan ya fito daga masana'anta.

Tun daga nan a fahimci abu guda, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara. Gilashi mai leda yana fashewa. Ƙarfinsa bai fi na gilashi zalla mai kauri irin nasa ba, kuma gasasshe ya ninka shi ƙarfi kusan sau huɗu. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne halinsa bayan ya fashe: yana tsattsagewa kamar saƙar gizo-gizo, amma gutsattsarin suna nan manne da ledar, ƙofar tana nan a rufe, wanda ya faɗa masa bai ratsa ba, wanda ke ƙasa bai ji komai a kansa ba.

Yadda ake haɗa shi

Falle biyu na gilashi ake ɗauka, a wanke su tas, a shimfiɗa wata leda mai ƙarfi a tsakaninsu. Wadda aka fi amfani da ita sunanta PVB. Ana matse iskar da ke tsakani, sannan a shigar da su cikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai zafin kusan digiri 140 da matsin iska mai yawa, har ledar ta yi garau ta kama gilashin ta ɓangarorin biyu. Akwai wata ledar mai suna EVA wadda ƙananan masana'antu suka fi so don ba ta buƙatar wannan tukunya, kuma ta fi jure danshi. Irinta ce ke riƙe da ƙwayoyin farantan sola a bayan gilashinsu. Akwai kuma mai tauri da ake kira SGP, ta manyan ayyuka.

Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya fara lura da dabarar a 1903, lokacin da kwalbar da sinadarin roba ya bushe a cikinta ta faɗi ta tsage ba tare da ta tarwatse ba. Ya yi rajistar fasahar a 1909. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da ita a idanun takunkumin kare hayaƙi mai guba. Ledar farko tana yin rawaya idan ta daɗe, sai da aka ƙirƙiro PVB a Kanada a 1927 aka samu mafita, kuma daga ƙarshen shekarun 1930 ta fara mamaye gilasan gaban motoci.

Mataki na farko: zagaya ginin da tef a hannunka

Ban ga dalilin da zai sa mai gida ya sa wannan gilashi a kowace taga ba. Ya fi tsada, ya fi nauyi, kuma ƙaramar tagar banɗaki da ke can sama ba wanda zai faɗa mata. Kuɗin a kai shi inda jikin mutum zai iya haɗuwa da gilashi, da inda gilashi ke saman kawunan mutane.

Ƙa'idar gini ta Ingila ta ba da awo mai sauƙin riƙewa, kuma ana iya aiki da shi a ko'ina. Duk gilashin da bai kai santimita 80 daga daɓe ba, wurin haɗari ne. Haka gilashin cikin ƙofa har zuwa tsayin santimita 150, da wanda ke gefen ƙofa cikin tazarar santimita 30. Ɗauki tef ka auna. Za ka tarar babbar ƙofar falo mai zamewa ta shiga, dogayen tagogin da ake yayi yanzu masu sauka kusan ƙasa sun shiga, haka ƙofar shago. Yaro ɗan shekara huɗu da ya taho da gudu daga tsakar gida ba ya bambanta ƙofar gilashi a rufe da ƙofa a buɗe, musamman in an goge ta fes, kuma kansa da ƙirjinsa daidai wannan tsayin suke.

Ƙara waɗannan a takardarka: rumfar gilashi a bakin ƙofa, tagar rufi mai shigo da haske, katangar gilashi ta barandar bene da ta matattakala, tagogin benaye da ke kallon hanyar da mutane ke bi, ajujuwan makaranta, ɗakunan asibiti, ƙofofin masallaci inda ake turereniya ranar Juma'a, da shogilas na masu sayar da waya ko gwal.

A kan gilashin sama ina da tsauri. Mutane da yawa suna sa gasasshe a rumfa don sun ji an ce ya fi ƙarfi. Gaskiya ne ya fi ƙarfi, amma ranar da ya fashe gaba ɗayansa yake zubowa lokaci guda, kuma yakan fashe da kansa ba tare da an taɓa shi ba, saboda wani ɗan ƙwayar sinadari da kan maƙale a cikinsa tun a masana'anta. Duk gilashin da mutum zai tsaya a ƙarƙashinsa, ya zama mai leda. In gilashi biyu ne masu iska a tsakani, na ƙasan ne dole ya zama mai leda.

Mataki na biyu: san abin da kake so ya yi maka

Kare rauni shi ne aikinsa na asali, kuma ko mafi sirantarsa yana yi. Sauran amfanin kowanne yana da sharaɗi.

Ɓarawo. Gilashi mai leda ba ya hana shiga, jinkirta shiga yake yi. Wanda ya jefa bulo a gilashi zalla ya gama aiki cikin daƙiƙa ɗaya. A mai leda mai kauri sai ya yi ta duka, ƙara na tashi, maƙwabta na farkawa. Turawa sun yi wa wannan ma'auni mai suna EN 356. Ana sako dunƙulen ƙarfe mai nauyin kilo 4.11 a kan gilashin daga sama: wanda ya jure faɗowa uku daga mita 1.5 ana ba shi P1A, daga mita 3 P2A, daga mita 6 P3A, daga mita 9 P4A. Sama da nan akwai P6B zuwa P8B, waɗanda ake gwadawa da gatari, kuma P8B sai ya jure sara fiye da 70 kafin a iya buɗe rami a cikinsa. Ga gida, P2A ya yi daidai a matsayin farawa. Ga shagon da ke kwana da kaya masu tsada a bayan gilashi, kada a gaza P4A.

Harsashi wani babi ne daban. Idan mai sayarwa ya ce maka gilashi mai kaurin milimita 10 zai tare bindiga, kama hanyarka. Gilashin da ke tare harsashi falle da yawa ne, yawanci da roba mai tauri a bayansa, yana da nasa ma'aunin EN 1063 daga BR1 zuwa BR7, kuma wanda ke tare harsashin babbar bindiga kan kai kusan santimita 4 ko fiye. Masu canji da masu kantar kuɗi su nemi wannan lambar a rubuce.

Ƙara. Ledar tana shanye girgizar sauti, don haka gidan da ke bakin titi ko kusa da janareton maƙwabci zai ji bambanci. Akwai leda ta musamman ta rage ƙara, wadda ke rage sauti da kamar desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) fiye da gilashi zalla mai kauri ɗaya. Sai dai ƙara ta inda iska ke bi take bi. Taga mai zamewa wadda gashin gefenta ya cinye, ko ka sa mata gilashi mafi tsada a duniya, ƙarar babur za ta shigo. Mai neman shiru ya zaɓi taga mai buɗewa da hinji, mai robar da ke matsewa idan an rufe. Ita ce kuma ke hana ƙurar hunturu shiga.

Rana. Nan ne ake yawan ruɗar mutane. Ledar PVB tana tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne kan gaba wajen koɗar da labule, kafet, kujeru da atamfofin da aka jera a gaban shago. Wannan amfani ne na gaske. Amma UV ɗan ƙaramin kaso ne na zafin rana. Farin gilashi mai leda zai shigo maka da zafin watan Afrilu kusan yadda gilashi zalla zai shigo da shi. Wanda ke son ɗaki ya yi sanyi ya nemi wanda ɗaya daga cikin fallayensa mai launi ne ko mai shafin mayar da zafi, ya kuma yi wa tagogin yamma inuwa ta waje. Rumfa ko bishiyar darbejiya a gaban taga ta fi kowane gilashi aiki a wannan fanni.

Mataki na uku: koyi karanta lambobin

Ledar PVB tana zuwa da kaurin milimita 0.38, kuma ana ninka ta: 0.76, 1.14, 1.52. Shi ya sa kaurin gilashi mai leda kullum yake da ɗan wutsiya. Idan ka ji 6.38, ma'anarsa gilashi mai milimita 3, leda ɗaya, da wani gilashin mai milimita 3. Idan 8.76 ne, gilashi 4 da 4 da leda ninki biyu. Wasu takardun sukan rubuta shi a taƙaice: 33.1 shi ne 6.38, 44.2 shi ne 8.76, 44.4 kuma 9.52. Lambobi biyun farko kaurin gilasan ne, ta bayan ɗigo yawan ledar ce.

Ga tsaro, lambar bayan ɗigon ta fi muhimmanci. Ƙara leda ya fi ƙara gilashi amfani idan ɓarawo kake tsoro: 44.2 yakan kai P2A, 44.4 yakan kai P4A, alhali bambancin kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba.

Ga tagogin gida masu matsakaicin girma, 6.38 ya wadatar. Ƙofofi da manyan tagogi, 8.38 ko 8.76. Gaban shago, daga 10.76 zuwa sama, gwargwadon faɗinsa. Katangar baranda da rumfa kuwa ba wurin ƙiyasi ba ne. Ana yin su da gasassun fallaye da aka haɗa da leda, kamar 13.52, 17.52 ko 21.52, kuma injiniya ne zai lissafa wanda ya dace da tsayin benen da ƙarfin iska. A sani cewa leda PVB tana laushi da zafi, kuma a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai zafi kan wuce digiri 40 a bazara, gilashin da ke cikin rana ya fi haka zafi. Idan fallaye biyun gasassu suka fashe tare a irin wannan yanayi, katangar na iya lanƙwashewa ta kwanta. Saboda haka ko dai a yi amfani da leda mai tauri, ko a ɗora ƙarfen dafawa a samanta wanda aka kafe a bango ta ɓangarorin biyu. Ni na fi son a haɗa duka biyun.

Mataki na huɗu: firam ɗin zai iya ɗauka?

Kowace milimita ta gilashi tana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da tsayin 210, in an sa mata gilashi mai milimita 5, nauyinsa kusan kilo 24 ne. In aka mayar da shi 8.76, ya doshi kilo 40. Siririn alminiyam ɗin da aka saba yi wa tagogi masu rahusa da ƙananan tayoyinsa na roba ba za su daɗe da wannan nauyi ba: ƙofa za ta fara ja da ƙasa, hinji ya saki, makulli ya daina haɗuwa. Ramin da gilashi ke zama a ciki ma sau da yawa an yi shi ne don milimita 4 ko 5, mai kauri ba zai shiga ba.

Don haka ka yanke shawarar gilashi kafin mai alminiyam ya yanka ƙarfensa, ba bayan ya gama ba. Ka gaya masa kaurin, ya zaɓi firam mai ramin da ya dace, mai zurfin da zai kama bakin gilashin da kyau, aƙalla wajen milimita 12 a kowane gefe, ya fi haka in don tsaro ne. Gilashin da ba ya huduwa amma aka iya turo shi gaba ɗaya daga cikin firam da ƙafa bai tsare komai ba. Sandunan da ke danne gilashin a firam su kasance ta cikin ɗaki, kada wani ya ɓalle su daga waje.

Mataki na biyar: a kasuwa

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake, ko Dei-Dei ta Abuja, ko Katako ta Yamai, hanyar tantancewa ɗaya ce. Ka ce a nuna maka bakin gilashin. Mai leda yana nuna fallaye biyu da siririn layi a tsakiya, ana gani da ido, kuma farce yana jin sa. Ƙwanƙwasa shi da tsabar kuɗi ko makulli: sautinsa a dakushe yake, ba ya yin ƙarar nan mai tsayi ta gilashi zalla. Duba kusurwa ko akwai tambarin masana'anta da lambar ma'auni irin EN 14449, EN ISO 12543 ko ANSI Z97.1. Fallen da aka yanko daga babban faranti ba lallai ya zo da tambari ba, sai ka nemi ganin takardar akwatin da aka shigo da shi.

Ɗaga fallen ka kalle shi a haske. Ƙananan kumfa a ciki, fari-fari kamar hazo a gefe, ko wurin da ledar ta ja baya daga baki, duk alamu ne na kayan da ya sha danshi a ajiya ko aka haɗa shi ba daidai ba. Ba ya gyaruwa, ƙaruwa yake yi. A bar shi.

Akwai masu kiran gilashi zalla da aka manna wa leda ta waje da wannan suna. Ba shi ba ne. In ka sa farce a kusurwa za ka ji ledar a sama. A rasit kuma kada ka yarda a rubuta "gilashi 8mm" kawai. A rubuta cikakken kaurin, misali 8.76, da irin ledar, da launi, da awon kowane falle. Ranar da aka samu saɓani, wannan takardar ce shaidarka.

Mataki na shida: yanka, ɗauka da ajiya

Gilashi mai leda wanda ba gasasshe ba yana yankuwa, amma aikin gwani ne. Ana jan layi da abin yanka a sama, a karya, a juya a ja wani layin daidai kan na farko a ƙasa, a karya, sannan a ɗumama ledar ta yi laushi a raba ta da reza. Idan layukan biyu ba su hau kan juna ba, bakin zai fito da tsini, kuma daga irin wannan bakin tsaga ke farawa bayan wata biyu. Wasu masu yanka sukan zuba sifirit a layin su kunna wuta don ledar ta narke da sauri. Haɗari ne ga mai yi, kuma yana ƙona bakin ledar. Na'urar hura iska mai zafi ta fi. Bayan yanka, a goge kaifin bakin da dutsen gogewa.

Wanda aka haɗa da gasassun fallaye ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Duk rami da duk awo sai an gama su kafin a gasa. Ka auna sau biyu, kuma a kan firam ɗin da aka riga aka kafa, ba a kan zanen gini ba.

A ɗauko shi a tsaye, ba a kwance a bayan a-kori-kura ba. A wurin aiki a jingine shi a tsaye da ɗan karkata, a kan katako, a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya. Kuma a bar shi ya zama cikin ayyukan ƙarshe. Tartsatsin walda yana huda fuskar gilashi ya bar baƙaƙen ɗigo da ba sa fita har abada, ruwan siminti kuma yana cin sa. Mai walda ya gama ƙarafan taga, mai filasta ya gama, sannan gilashi ya shigo.

Mataki na bakwai: kafawa, inda aka fi ɓata aiki

Babban abokin gabar wannan gilashi ruwan da ke kwanciya a bakinsa ne. PVB tana shan danshi. Idan gindin gilashin ya zauna cikin ruwa damina bayan damina, sai ka ga fari ya fara cin gefe yana hawa, ledar na rabuwa da gilashin. Ana ɗora wa masana'anta laifi, alhali sau da yawa daga wurin kafawa matsalar ta taso.

Ka tsaya a kan mai aikin ka ga waɗannan da idonka. A yanke gilashin ya gaza ramin firam da milimita 3 zuwa 5 a kowane gefe, domin alminiyam na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, gilashin da aka cusa da ƙarfi zai tsage da kansa. A ƙasa a sa ƙananan tubalan roba mai tauri guda biyu ya zauna a kansu, kowanne a rubu'in faɗin gilashin daga kusurwa, ta yadda bai taɓa ƙarfe ba kuma ruwa na wucewa ta ƙarƙashinsa. Ba kwali ba, ba guntun katako ba. A ƙasan firam akwai ƙananan ramuka na fitar ruwa. In babu a huda, in akwai kada a toshe su da silikon don wai ƙura. Zuba ruwan buta ɗaya a jikin tagar bayan an gama, ka ga ko ya fito ta waje.

Silikon ma iri biyu ne. Akwai mai wari mai tsami da ke hawa hanci idan an matso shi. Wannan yana cutar da bakin ledar. A nemi marar tsami, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da gilashi mai leda, kuma ko shi a bar shi a fuskar gilashi da firam, kada a cika ramin da shi.

In gilashin mai duhu ne kuma yana fuskantar rana, a kula da inuwar da ke rufe rabinsa ta bar rabi, da labule mai kauri da ke manne da shi. Tsakiya na zafi, gefen da ke cikin firam na sanyi, sai tsaga ta taso daga baki. A bar tazara tsakanin labule da gilashi, a kuma tabbata bakin ya gogu sumul.

Maganar gobara

Wannan bai kamata a tsallake shi ba. Abin da ya hana ɓarawo shiga zai hana ka fita. Gidajenmu da ma ƙarafa ne a kowace taga, ga ƙofar ƙarfe mai sakata uku. Idan aka ƙara gilashin da kujera ba ta fasa shi ta wuce, ɗakin kwana ya zama kurkuku ranar da wuta ta tashi a falo. Gilashi mai leda na gama-gari kuma ba ya tare wuta. Mai tare wuta wani iri ne na daban. Kowane ɗakin kwana ya samu taga aƙalla ɗaya mai buɗewa sosai yadda babba zai fita, ƙarfenta ya zama mai ƙofa, makullin a rataye kusa inda kowa a gidan ya sani, har yara.

Kula da shi, da abin yi in ya tsage

Lokacin hunturu kada a goge shi da busasshen tsumma, ƙurar tana da yashi mai karce gilashi. A fara watsa ruwa, sannan ruwan sabulu kaɗan da tsumma mai laushi, a tsane gefuna. Kafin damina a bi ramukan fitar ruwa da tsinke, a duba robobin da rana ta busar a canja su.

In ya tsage ba sai an kwana a tsaye ba, zai riƙe har a samo wani. Amma ƙarfinsa ya ragu, kuma ɓangaren da aka doka yana iya sakin ƙananan ɓarɓashi masu kaifi. A manna faffaɗan selotef a kan tsagar, a hana yara taɓawa, a auna a yi odar sabo. Na rumfa da na baranda kuwa, a killace wurin a ranar, kada kowa ya jingina ko ya tsaya a ƙasa.

Gilashin gaban mota

Idan za a canja maka, duba tambarin da ke kusurwar ƙasa. Ka ga kalmar LAMINATED, ko AS1 na ma'aunin Amurka, ko harafin E a cikin da'ira tare da 43R na ma'aunin Turai. A motocin zamani gilashin gaba ɓangare ne na ƙarfin jikin motar: yana taimaka wa rufi kada ya lotsa in mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iska ta fasinja a jikinsa take dogara idan ta buɗe. Shi ya sa gam ɗin da aka kafa shi da shi yake da muhimmanci kamar gilashin. Gam na musamman ne baƙi mai suna foliyuretan, ba silikon na gini ba, kuma yana da lokacin bushewa da aka rubuta a jikinsa. Kada ka ɗauki mota ka hau hanyar Kaduna kafin lokacin ya cika.

Idan tsakuwa ta yi masa ɗan tabo, rufe wurin da farin selotef nan take don kada ƙura da ruwa su shiga, ka kai wa masu cika shi da ruwan gam tun bai yi tsawo ba. Kada a watsa ruwan sanyi a gilashin da ya yini a rana, kada kuma a sakar masa iskar esi mai ƙarfi kai tsaye, domin ƙaramin tabo a nan yake zama doguwar tsaga. Tsagar da ta kai baki ko ta ratsa gaban idon direba, canji kawai. Ka kuma duba tambarin gilasan ƙofofinka: wasu sababbin motoci suna zuwa da mai leda a gefe, kuma ƙaramar gudumar nan ta fasa gilashi lokacin haɗari ba ta aiki a kansa. Ka san tun yau wace taga ce gasasshiya a motarka.

Idan kuɗin bai kai ba

Wanda ya riga ya sa gilashi zalla ko'ina ba sai ya cire duka ba. Ya fara da ƙofar falo da duk abin da ya gaza santimita 80 daga ƙasa, sauran su biyo baya a hankali. Kafin nan akwai ledar kariya da ake mannawa ta cikin ɗaki, mai kaurin maikiron 100 (kashi ɗaya cikin goma na milimita) ko fiye, wadda ba ɗaya take da ledar duhu ta ado ba. Ba ta kai gilashi mai leda a tsakiya ba, tana karcewa, kuma tana tsufa, amma tana riƙe gutsattsari idan an fasa. A sa ta har cikin ramin firam, ko a kama gefenta da silikon mai ƙarfi, don kada fallen ya fito gaba ɗaya. A manyan ƙofofin gilashi kuma a manna sitika ko a ja layi mai launi a wuri biyu, ɗaya daidai idon babba, ɗaya daidai idon yaro.